Wane irin goge ne wannan mai amsa wa kansa a kiɗan Vivaldi?

Baban Halima ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma na san wannan zaure ba ya rasa masu sani. Ni akanta ne, ban taɓa riƙe abin kiɗa ba, amma idan aiki ya kai ni dare nakan kunna kiɗan Turawa na da, irin wanda ba a waƙa a cikinsa, domin shi ba ya raba hankalina da alƙaluman da ke gabana. Ranar Laraba wajen ƙarfe ɗaya na dare, an ɗauke wuta, maƙwabta sun kashe janareto, unguwa ta yi tsit, sai wayata ta faɗa kan wani kiɗa na Antonio Vivaldi mai lamba RV 540. Da farko na ɗauka biyolin ce ke jan ragamar kiɗan, wato gogen Turawa da kowa ya sani. Amma duk lokacin da makaɗin ya ja baka ya ɗaga hannu, sai in ji wani siririn amo ya saura yana shawagi a bayan muryar, kamar yadda tasa ke ci gaba da ƙara bayan an ƙwanƙwasa ta an ajiye. Na zaci abin sauraren da ke kunnena ne ya fara lalacewa, na ɗauko na uwargida na gwada, amon yana nan daram.

Da gari ya waye na duba hoton da ke tare da kiɗan. Abin ya yi kama da biyolin, sai dai ya fi ta faɗi, kuma na ƙirga 'yan sandunan murɗa tsirkiya har goma sha biyu a wuyansa, alhali tsirkiyoyin da nake iya gani a sama shida ne kawai. A ƙarshen wuyan an sassaƙa kan mutum da ƙyalle ɗaure a idanunsa. Sunan da aka rubuta shi ne viola d'amore. To ina sauran tsirkiyoyi shidan suka shiga, kuma ko su ne ke yin wannan amo?

Sauran abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na samo wani faifan na wannan kiɗa ɗin dai, amma a cikinsa makaɗa sun fi yawa, sautin ya fi kauri, muryar ta ɗan fi tashi sama, kuma jita aka sa a inda na farkon ya sa wani abin tsinkawa mai taushin murya. A jikin na farkon an rubuta cewa da kayan kiɗa irin na zamanin mai kiɗan aka kaɗa shi. Shin wannan magana tana da tushe, ko kuwa dabarar 'yan kasuwa ce ta sayar da tsohon kaya da sabon suna? Allah ya saka wa duk wanda ya warware mini da alheri.

Malam Mai Alli ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Baban Halima. Kunnenka lafiya lau yake, abin saurarenka ma haka. Na shekara talatin ina koyar da kimiyyar fiziya a makarantar sakandare kafin in ajiye alli, kuma abin da ka ji yana cikin darussan da na fi jin daɗin koyarwa, saboda haka ka yi haƙuri idan na ja zancen.

Tsirkiyoyi shidan da ba ka gani ba suna nan a ƙarƙashin na saman. Na waya ne, sirara, na tagulla ko na baƙin ƙarfe. Suna ratsawa ta cikin 'yan ramuka a jikin jaki, wato ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyi a kan cikin gogen, sannan su bi ta ƙarƙashin allon da makaɗi ke danna yatsu a kai, su je su ɗaure a sandunan da suka fi kusa da kan da aka sassaƙa. Baka ba ya taɓa su, yatsa ba ya taɓa su. Ni 'yan amshi nake kiran su, domin aikinsu ke nan: na sama su ja baiti, na ƙasa su amsa.

Yadda abin ke faruwa shi ne, kowace tsirkiya da aka ɗaure tana da adadin kaɗawar da ta dace da ita a cikin daƙiƙa guda, gwargwadon tsawonta da kaurinta da yadda aka matse ta. Idan wata tsirkiya a kusa da ita ta yi kaɗawa daidai da wannan adadi, ko ninkinsa, sai motsin ya bi ta jaki da jikin katako ya same ta, ita ma ta kama rawa ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Kuma tun da babu yatsan da zai tsayar da ita, takan ci gaba da ƙara bayan ta saman ta yi shiru. Idan akwai mai jita a unguwarku, ka ara ka gwada. Ka daidaita tsirkiyoyi biyu su zama murya ɗaya, ka naɗe 'yar ƙaramar takarda ka ɗora a kan guda, ka tsinki ɗayar da ƙarfi. Takardar za ta yi ta tsalle har ta faɗi. Haka nake nuna wa ɗalibai, kuma ban taɓa samun ajin da bai yi shewa ba. Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ma ya daɗe da sanin wannan amo ko da bai san sunansa ba, domin sitar da sarangi duk suna da irin waɗannan 'yan amshi, kuma su ne ke ba kiɗan Indiya wannan sheƙi da ke bin bayan kowace murya.

Daga nan ne za ka gane wani abu game da kiɗe-kiɗen Vivaldi na wannan goge. 'Yan amshi ba sa amsa kowace murya, sai wadda aka ɗaure su a kanta. Saboda haka makaɗi yakan ɗaure tsirkiyoyin gaba ɗaya su dace da maɓallin kiɗan da zai kaɗa, wato muryar da aka gina kiɗan a kanta, wadda Turawa ke sa wa suna da baƙaƙe irin su D da A da F. A maɓallin D, alal misali, daga tsirkiyoyi shida na sama uku D ne, biyu A, guda ɗaya F, ta yadda ko hannu ka sa ka share su a sake, ba tare da ka danna komai ba, muryoyin za su fito a jitu. Vivaldi ya rubuta konceto wajen 500, kusan 230 daga ciki na biyolin ce ita kaɗai, amma waɗanda suka iso mana da wannan biyola a matsayin jagora takwas ne kacal. Shida nata ne ita kaɗai tare da ƙungiyar masu goge, lambobinsu RV 392 zuwa RV 397, kuma huɗu daga cikinsu a maɓallin D suke, biyu a maɓallin A. Na bakwai shi ne wanda ka ji, shi ma a D. Na takwas, RV 97, shi ne ya fita zakka, domin a maɓallin F yake, kuma ƙahoni biyu da algaitun Turawa biyu da babbar algaita mai kaurin murya ne ke raka ta. Wannan taruwa a kan D da A ba ƙarancin basira ba ce, a can ne gogen ya fi buɗe maƙogwaro.

Shi kuwa konceto, tsari ne na kiɗa inda makaɗi guda, ko 'yan kaɗan, ke musayar zance da ƙungiya. A hannun Vivaldi yawanci kashi uku ne, mai sauri, mai natsuwa, sai mai sauri kuma, kuma a cikin masu saurin akwai wani baiti da ƙungiya ke ta dawowa kansa bayan kowane yawo na jagora. Bahaushen da ya san zabiya da 'yan amshinta ba zai ɓata a ciki ba.

Game da suna, amore da Italiyanci soyayya ce, kuma kan nan mai ɗaurarrun idanu hoton yaron soyayya ne na tatsuniyoyin Romawa, wanda suke cewa yana harbi ba ya gani. Akwai masu ganin asalin sunan daga kalmar da Turawa ke kiran Musulmin Arewacin Afirka da Andalus ya fito, suna kafa hujja da ramukan sautinta masu siffar harshen wuta da kuma 'yan amshin da suka fi yawa a kayan kiɗan Gabas, amma ni na fi karkata ga ma'anar farko saboda sassaƙen da ke kanta. Abin da ya tabbata shi ne, daga baya ta shiga kiɗan fadar Daular Usmaniyya, inda Turkawa suka sa mata suna mai ma'anar gogen ƙirji.

Maman Sadiq ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya ƙara basira. Baban Halima, ni zan taɓa tambayarka ta biyu ne, domin na ga abin da idona, kuma gani ya kori ji. Ina aikin jinya a jihar Hessen ta Jamus, ba nisa da birnin Darmstadt. A hunturun da ya wuce wata abokiyar aikina ta ja ni wani taron kiɗa a wata tsohuwar majami'a da yanzu ake amfani da ita wajen irin waɗannan taruka. Makaɗan ba su kai goma sha biyu ba, kuma wadda ke riƙe da biyolar mace ce.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsawon lokacin da suka ɗauka suna daidaita tsirkiyoyi. Kafin a fara sun yi, bayan kiɗa na farko sun sake, kuma da za a sauya zuwa wani maɓalli sai matar ta ajiye gogenta ta ɗauko wani na biyu da ta riga ta ɗaure tun a gida, domin sake ɗaurin tsirkiya goma sha huɗu a gaban jama'a zai sa kowa ya yi barci. Nata na bakwai da bakwai ne, irin wanda ya yaɗu daga baya. Da aka tashi na matsa kusa na gaishe ta, ta ga ina leƙen gogen, sai ta miƙo mini shi dab da kunne, ta tsinki tsirkiya ɗaya ta sama, nan take ta dafe ta da yatsa. Ai kuwa sai na ji cikin katakon yana ci gaba da wani ɗan kuka siriri, har na kai ga ƙirga huɗu bai mutu ba. Na sunkuya na hango wayoyin a ƙasa, suna ƙyalli kamar zaren gizo-gizo.

Ta ce mini tsirkiyoyin sama na hanjin tumaki ne, wanda ake wankewa a tsaga a murɗe a busar, masu kaurin kuma a naɗe su da siririyar waya. Na yi dariya na ce mata mu ranar layya soya shi muke yi. Hanji yana shan danshi yana sakin jiki, sanyi da numfashin jama'a kaɗai sun isa su sauke masa murya, shi ya sa ba sa rabuwa da murɗa sanduna. Amma sautinsa ya fi na ƙarfe taushi, kuma akwai ɗan kaushi a farkon kowace murya, kamar na mai magana kusa da kai. Bakanta ma daban ne. Ya fi na yanzu gajarta da rashin nauyi, bakinsa siriri, saboda haka murya takan fito da ƙarfi ta lafa da kanta, ba ta miƙewa da kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Bakan da ake amfani da shi a yau François Tourte ne ya daidaita siffarsa a Faris wajen shekarun 1780, bayan mutuwar Vivaldi da shekaru arba'in. Masu biyolin ɗin kuma babu abin ɗora haɓa a jikin gogensu, domin sai wajen 1820 Louis Spohr ya ƙirƙiro shi. Tashin muryar da ka ji a faifai na biyu kuwa, mafi yawan makaɗan zamani suna ɗaure muryar A a kan kaɗawa 440 a daƙiƙa, masu kayan da kuma sukan sauko zuwa 415, wato sun sauko da rabin taki, tazarar da ke tsakanin muryoyi biyu maƙwabta a kiɗan Turawa.

A ganina amfanin duk wannan ga biyolar nan a fili yake. Muryarta ba ta da ƙarfi, ta 'yan amshinta kuwa ko tari ya isa ya rufe ta. Idan aka jera masu goge talatin da tsirkiyoyin ƙarfe a bayanta, an binne ta da ranta.

Kiɗan da suka kaɗa a daren rabinsa na Vivaldi ne, rabi na Christoph Graupner, wanda ya shugabanci makaɗan fadar Darmstadt har ya rasu a 1760, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa rubuta wa wannan goge kiɗa. Mutanen nan suna alfahari da shi ƙwarai, kuma ba sa gajiya da ba da labarin cewa a 1723 shi birnin Leipzig ya zaɓa ya shugabanci kiɗan majami'unsa bayan mawallafin kiɗa Telemann ya ƙi aikin, amma ubangidansa ya hana shi tafiya ya ƙara masa albashi, sannan ne aikin ya faɗa hannun shahararren mawallafin kiɗa Johann Sebastian Bach. Idan ka gama da Vivaldi ka neme shi, ka kuma nemi konceton Telemann na sarewa da algaitar soyayya (oboe d'amore) da biyolar soyayya, wanda yake a maɓallin E.

Ɗalibin Tarihi ya rubuta:

Gaisuwa ga iyayena da suka riga ni magana. Ni ƙaramin ɗalibi ne, abin da zan ƙara shi ne labarin wurin da aka rubuta wa kiɗan da Baban Halima ya ji, domin sanin wurin yana sauya yadda mutum ke saurare.

An haifi Vivaldi a birnin Benis na Italiya a 1678, ya zama limamin coci a 1703, kuma a wannan shekarar ya fara koyar da goge a Ospedale della Pietà. Wannan gida ne na renon jariran da aka yar, wanda aka kafa tun ƙarni na 14, kuma akwai wata 'yar kafa a jikin bangonsa inda uwa za ta ajiye jariri ta tafi ba tare da an gan ta ba. Maza ana koya musu sana'a su fita. Daga cikin 'yan matan kuma ana zaɓar masu baiwa a koya musu waƙa da kiɗa, har ƙungiyarsu ta zama abin da baƙi daga ƙasashen Turai ke zuwa Benis domin ji. Suna kaɗawa ne daga bene, a bayan ragar ƙarfe, mai sauraro yana jin su ba ya ganin fuskokinsu sosai. Da yake ba su da sunan uba, da abin kiɗansu ake kiran su.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Anna Maria, wadda aka haifa a 1696 ta rasu a 1782 a cikin gidan. Ta ƙware a biyolin, kuma tana kaɗa wannan biyola da wasu kayan kiɗa da dama. Vivaldi ya rubuta mata konceto masu yawa, kuma a kan takardun biyu daga cikin na biyolar, RV 393 da RV 397, ya rubuta sunan gogen da manyan baƙaƙe biyu a tsakiya, AMore, abin da masana ke ɗauka ishara ce ga farkon sunanta. Shi kansa ma yana kaɗa ta, kuma ya sa ta a cikin manyan ayyukansa na waƙa, kamar Juditha triumphans na 1716.

RV 540 kuwa an san ranar da aka kaɗa shi: 21 ga Maris 1740, a Pietà, domin karrama yariman Saksoni, Friedrich Christian, wanda ya kawo ziyara Benis. An ba shi kwafin kiɗan ya tafi da shi, shi ya sa takardar take a Dresden har yau. Abin tsinkawar da kuka ji shi ne lut, ɗan'uwan udu na Larabawa, daga can ma sunansa ya samo asali. Vivaldi ya umarci sauran masu goge su sa wa kayansu takunkumi, wato ɗan abin da ake maƙalawa a kan jaki ya rage ƙara, domin kada su danne waɗannan masu sanyin murya guda biyu. Wannan umarni kaɗai ya isa ya nuna irin sautin da ke kansa. Kiɗan yana cikin na ƙarshe da ya bar wa gidan. A wannan shekarar ya bar Benis ya nufi Biyana ta ƙasar Austriya, sarkin da yake sa ran samun gata a wurinsa, Charles na 6, ya rasu a watan Oktoba, Vivaldi kuma ya bi shi a Yulin 1741 cikin talauci.

Bayan haka aka manta da shi kusan shekara ɗari biyu. Sai a 1926 aka gano tarin takardunsa a wata makarantar 'yan mishan a yankin Monferrato na Italiya, aka bi sawun sauran rabin, aka haɗa su a babban ɗakin karatu na Turin zuwa 1930. Baƙaƙen RV da ke gaban lambobin kuwa daga sunan Peter Ryom ne, masanin ƙasar Denmak da ya jera ayyukan.

Kawu Na Bakin Kasuwa ya rubuta:

Na karanta bayanan nan duka, kuma na ƙaru, amma ku bar ni in ɗan zuba ruwa a tukunyar, domin tambayar Baban Halima game da 'yan kasuwa ba a amsa ta duka ba. Hajiya Maman Sadiq, ba ina musun abin da kika gani ba ne, sai dai kalmar nan ta kayan zamanin mai kiɗa tana ɗauke da alkawarin da ba za ta iya cikawa ba.

Babu wanda ya naɗi sautin Anna Maria. Abin da ya rage takarda ce da katako. Katakon ma mafi yawansa an taɓa shi, domin a ƙarni na 19 an sauya wa tsofaffin biyolin wuya an ƙara musu ƙarfi don su cika manyan zauruka, kuma biyolar soyayya da dama an mayar da su biyola ta yau da kullum mai tsirkiya huɗu. Da yawa daga abin da ake kira kayan da, sabon sassaƙe ne da aka kwaikwayi tsoho. Lambar nan 415 kuma ba daga Benis ta fito ba. A wancan zamani kowane gari da ma'auninsa, na Faris yana ƙasa sosai, na Benis kuwa yana kusa da 440 ɗin da ake gudu, ko ma ya ɗara. An zaɓi 415 ne a ƙarni na 20 domin sauƙin aiki, tun da rabin taki ne cif ƙasa da 440, wanda shi ma sai a 1939 aka yi ittifaƙi a kansa a wani taro a Landan. Ashe ke nan faifan da ya fi tashi sama yana iya fin kusa da abin da yariman Saksoni ya ji ta wannan fuska.

Hatta 'yan amshin ma ba kowace biyolar soyayya ce ke da su ba. John Evelyn na Ingila ya rubuta a 1679 cewa ya ji wani Bajamushe yana kaɗa ta da tsirkiyoyin waya biyar, kuma irin ta arewacin Jamus ta farko haka take, waya a sama, babu komai a ƙasa. Saboda haka idan an zo kan Bach, wanda ya sa guda biyu a kiɗansa na 1724 kan Linjilar Yohanna, wace iri za a ɗauko?

Ku ɗauka bayan shekara ɗari uku wani ya samo ƙwarya da fatar guza da izgar doki da ƙaro, ya haɗa goge daidai da namu, amma bai taɓa jin an goga shi a gidan biki ba. Kayan sun cika, hannun fa? A kashi mai natsuwa na irin waɗannan konceto, abin da aka rubuta ƙashi ne kawai, makaɗi ne ke sa masa nama da adon da ya koya a wurin malaminsa, kuma wannan silsila ta yanke. Sannan amon da Baban Halima ya ji da ƙarfe ɗaya na dare, wa ya tabbatar mana ba amsa-kuwwar ginin da aka naɗi faifan ba ce, ko hannun mai haɗa sauti?

Malam Mai Alli ya rubuta:

Kawu, ranka ya daɗe, maganarka kan 415 gaskiya ce, haka ma ta yankewar silsila, kuma manyan wannan tafarki irin su Nikolaus Harnoncourt, wanda ya kafa ƙungiyarsa a Biyana a 1953, ba su ce sun dawo da jiya ba. Inda na rabu da kai shi ne, a wannan goge kayan da kiɗan ba sa rabuwa. Vivaldi ya rubuta muryoyi uku ko huɗu a haɗe waɗanda ke faɗawa daidai kan sakakkun tsirkiyoyi shida, kuma mai biyola ta zamani dole ya zubar da wasu ko ya karkasa su. Wannan a takarda yake, ba zato ba ne. Dalilin da ya sa aka yi watsi da ita ma shi ne dalilin da ya sa take buƙatar 'yan rakiya irin na da: zauruka sun girma, ƙungiyoyi sun ƙara ƙara, kiɗa ya koma yawo daga maɓalli zuwa maɓalli, ita kuwa a gida ɗaya take da baki.

Tambayarka ta ƙarshe kuma tana da gwaji mai sauƙi. Gini ba ya zaɓe, kowace murya aka jefa masa zai maido ta. 'Yan amshi kuwa suna zaɓe. Baban Halima, ka koma kashi na biyu na kiɗan, mai natsuwa, inda biyola ke rerawa lut yana tsinkawa a ƙarƙashinta. Idan amon yana bin kowace murya daidai wa daida, Kawu ya yi gaskiya. Idan kuwa yana kumbura a kan wasu muryoyi ya ɓace a kan wasu, to wayoyin ƙasa ne.

Baban Halima ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, na yi gwajin daren jiya, sau uku na maimaita kashin. A faifan farko amon ba ya bin kowace murya. Akwai inda makaɗin ke sauka sai in ji abin ya buɗe kamar an cire murfin tukunya, akwai kuma inda muryar ke fita a bushe ta mutu nan take, kuma wuraren ba sa sauyawa duk maimaitawar da na yi. A faifai na biyu na kasa rarrabewa, domin masu rakiyar sun cika wurin. Amma Kawu, ban raina maganarka ba, domin na samo faifai na uku, shi ma na kayan da, kuma adon da makaɗiyar ta sa a wannan kashi ya sha bamban da na farkon har na ɗauka wani kiɗan ne daban.

Gwajin takarda kuma Halima ce ta yi shi da jitar ɗan maƙwabcinmu, takardar ta faɗi sau biyu, yanzu ta hana kowa sakat a gidan. Hajiya Maman Sadiq, idan ba damuwa, a cikin kiɗe-kiɗen Graupner wanne kika ji a daren nan, kuma na biyola ɗaya ne ko akwai wani abin kiɗa tare da ita? Da shi nake so in fara.